Gigin Tsufa da Cutar Alzaima: Bambancinsu da Abin da Shari'a Ta Gina a Kai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A yawancin gidajenmu, idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya sau goma a wuni, ko ya riƙa kiran jikansa da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa, ko ya fita masallacin da ya shekara arba'in yana salla a ciki ya kasa gane hanyar komawa gida, magana ɗaya ake yi: gigin tsufa ne. Da an faɗi haka shi ke nan, ba a sake neman wani bayani. Waɗanda suka yi karatun zamani kuma sukan ce Alzaima ce ta kama shi. A bakin jama'a kalmomin biyu sun zama abu ɗaya, kuma dukkansu ma'anarsu ita ce a yi haƙuri, tsufa ba shi da magani.

A wajen likitoci ba abu ɗaya ba ne. Bambancin kuwa ya wuce na suna, domin a kansa ake sanin ko dattijon zai iya warkewa, wane magani zai amfane shi kuma wanne zai cutar da shi. A kansa ne kuma malami zai iya amsa ko salla da azumi na nan a kansa, ko kyautar da ya yi ta inganta, ko sakin da ya furta ya auku.

Alama daban, sababi daban

Misali mafi kusa shi ne zazzaɓi. Idan aka ce yaro na zazzaɓi, an faɗi halin da yake ciki, amma ba a faɗi abin da ya jawo shi ba. Yana iya zama cizon sauro, yana iya zama taifot, yana iya zama sanƙarau. Cizon sauro ya fi yawa a ƙasarmu, shi ya sa mutane ke saurin ba da maganinsa, amma wanda ya ɗauki kowane zazzaɓi na sauro ne, wata rana zai yi asarar rai.

Haka abin yake a nan. Abin da likitoci ke kira dimenshiya, wanda Hausawa ke kira gigin tsufa ko cutar mantau, suna ne na wani hali: tunani da fahimta da magana da iya tsara al'amura su riƙa raguwa har mutum ya kasa gudanar da rayuwarsa ta yau da kullum yadda ya saba. Cututtuka da dama ne ke kai mutum ga wannan hali. Alzaima ɗaya ce daga cikinsu, kuma ita ta fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu wannan lalura. Ke nan a cikin kowane mutum goma masu gigi, uku ko huɗu wani abu ne daban ke damunsu. Hukumar ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da gigi a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma kowace shekara ana samun kusan miliyan 10 sababbi.

Akwai wani bambanci da ya riga wannan, wato tsakanin gigi da tsufa shi kansa. Mantuwar tsufa ta al'ada ita ce dattijo ya manta inda ya ajiye carbinsa, ko sunan wani ya ɓace masa sannan ya faɗo masa bayan la'asar. Gigi shi ne ya riƙe carbin ya kasa tuna abin da ake yi da shi, ko a gaya masa an yi rasuwa ya yi kuka, gobe ya tambayi inda mamacin ya tafi. Mafi yawan tsofaffi, har waɗanda suka haura tamanin, suna komawa ga Allah da hankalinsu.

Alƙur'ani ma bai haɗa su ba. A Suratur Rum aya ta 54 an bayyana rauni da furfura bayan ƙarfi a matsayin tafarkin ɗan Adam. Amma a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda aka ambaci mafi ƙasƙancin shekaru da mutum ke rasa sanin abin da ya taɓa sani, an nuna cewa wasu ne daga cikin mutane ake mayarwa can. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yana neman tsari daga wannan mataki, kuma Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas yana koya wa 'ya'yansa addu'ar. Hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi umarni da neman magani kuma ya keɓe tsufa a matsayin abin da ba shi da magani, mutane kan kafa shi hujja su bar dattijo a ɗaki. Alhali abin da aka keɓe tsufa ne. Cutar da ta sami tsoho tana nan a ƙarƙashin umarnin neman magani.

Mene ne Alzaima?

Sunan ya samo asali ne daga wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer. A shekarar 1901 ya fara duba wata mata 'yar shekara 51 a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt, wadda ke fama da mantuwa da ruɗewa da zargin mijinta. Da ta rasu a 1906 ya binciki ƙwaƙwalwarta, ya ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikinsu. A wannan shekara ya gabatar da abin da ya gani a taron likitoci a garin Tubingen, kuma a 1910 babban likita Emil Kraepelin ya sa wa cutar sunansa.

Yau an san cewa waɗannan dunƙule-dunƙule wani furotin ne mai suna amiloyid, zare-zaren kuma wani furotin ne mai suna tau. Suna taruwa a hankali shekaru masu yawa kafin a ga alamar farko, suna kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, har ƙwaƙwalwar ta riƙa motsewa. Ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke ajiye sababbin abubuwa. Wannan ne ya sa mai Alzaima zai ba ka labarin ranar da aka ɗaura aurensa dalla-dalla, ya kawo Fatiha da surorin da ya haddace yana yaro babu tuntuɓe, amma bai san ko ya ci abincin rana ba. Iyali kan ɗauka da gangan yake yi, tunda ga shi yana tuna abin da ya so. Ba gangan ba ne. Tsohon ajiya yana nan, sabo ne ba ya shiga.

Cutar tana tafiya sannu a hankali, babu wata rana da za a ce a nan ta fara. Daga mantuwa sai kalmomi su fara ɓacewa, sai lissafin kuɗi ya gagara, sai ɓatan hanya, sai rashin gane fuskoki, a ƙarshe har ci da sha da tsarki su koma hannun wasu. Har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. Akwai magunguna irin su donepezil da memantine da ke rage alamun na wani lokaci, kuma a 2023 da 2024 an amince a Amurka da wasu sababbi guda biyu masu rage amiloyid, sai dai jinkirta cutar kawai suke yi kaɗan, ga tsada, ga buƙatar sa ido sosai.

Sauran hanyoyin da ke kai ga gigi

Na biyu a yawa shi ne gigin da ke biyo bayan lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki su ne manyan sabubbansa. Wani lokaci yakan zo bayan babbar shanyewa, wani lokaci kuma ƙananan jijiyoyi ne ke toshewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya lura ba. Sau da yawa tafiyarsa hawa-hawa ce: dattijo ya faɗi ƙasa farat ɗaya, ya daidaita na wasu watanni, sannan ya sake faɗawa. Abin da ke fara bayyana yawanci nauyin tunani ne da kasa tsara aiki da sauyin tafiya, mantuwa na iya zuwa daga baya. Wannan iri ya shafe mu matuƙa, saboda yawan masu hawan jini da ba su san suna da shi ba, ko suke shan magani sai sun ji ciwon kai. Wanda aka gano nasa na jijiya ne, daidaita jini da suga na iya hana ƙarin ɓarna.

Na uku shi ne wanda ake dangantawa da likita Friedrich Lewy, wanda a 1912 ya fara bayyana wasu ƙullutai a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Mai wannan iri yakan ga mutane ko yara ko dabbobi a ɗakinsa ƙarara alhali babu kowa. Yakan yi faɗa da naushi cikin barci yana aikata mafarkinsa. Jikinsa kan sandare ko ya riƙa karkarwa, ya yi ta faɗuwa. Hankalinsa kuma yana zuwa yana tafiya: da safe garau, da yamma a ruɗe. A wajenmu da an ji dattijo na cewa ga wasu yara can a kan gado, zancen aljanu ake fara yi. Haɗari mafi girma shi ne wasu magungunan taɓin hankali, kamar haloperidol, suna iya yi wa masu wannan iri mummunar illa har ta kai ga rasa rai. Sayen maganin kwantar da hankali a kemis domin tsoho ya yi barci ganganci ne.

Na huɗu yana kama gaban ƙwaƙwalwa da gefenta, kuma likita Arnold Pick ne ya fara bayyana irinsa a birnin Prag a 1892. Yakan zo da wuri, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 65. A farkonsa mutum ba ya mantuwa sosai. Halinsa ne ke sauyawa: mai kunya ya zama mai batsa, mai tattali ya koma watsa dukiya, mai tausayi ya daina damuwa da kowa, ko kuma magana ta riƙa gagararsa. Tunda yana gane kowa yana tuna komai, ba a yi masa uzuri. Sai a ce ya lalace, ko an yi masa sammu.

A tsofaffi sosai kuma ana yawan samun iri biyu a haɗe, musamman Alzaima da ta jijiyoyin jini.

Abin da ke kama da gigi amma yana warkewa

Wannan sashe shi ne babban dalilin da ya sa bai halatta a yanke hukunci a gida ba. Ƙarancin sinadarin B12, raunin aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayiroyid, ciwon damuwa mai tsanani, tarin magunguna masu sa maye ko barci, taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, da jinin da ke kwanciya a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwar da aka raina, duk suna iya sa dattijo ya zama kamar mai gigi, kuma da yawansu ana magance su. Ƙanjamau da tunjere ma suna taɓa ƙwaƙwalwa, kuma suna da magani. Kurumta kanta takan sa a zaci tsoho ya rikice, alhali ji ne ba ya yi.

Sai kuma ruɗewar farat ɗaya. Idan tsohuwa jiya lafiya lau, yau ba ta san inda take ba, wannan ba tafiyar Alzaima ba ce. Yawanci ciwon mafitsara ne, ko ciwon huhu, ko zazzaɓi, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, ko suga ya sauka ko ya hau. Asibiti ake kai ta a ranar. Likita zai ji tarihi daga bakin wanda ke zaune da ita, ya yi gwajin tunani da na jini, idan da hali a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, suna da likitocin wannan fanni.

Darasi daga malaman hadisi

Tun kafin a san amiloyid da ƙarnoni, malaman hadisi sun fuskanci wannan matsala, domin amanar da suke ɗauke da ita ta dogara ne ga hadda. Sun kira rikicewar mai ruwaya ikhtilaɗi. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan Hijira, ya ware masa babi guda a littafinsa na ilimin hadisi, kuma ya nuna cewa sabubbansa sun bambanta: wani gigin tsufa ne, wani makanta ce, wani kuma wani dalili ne daban. Ba su zubar da mutum gaba ɗaya ba. Sun karɓi abin da aka ji daga gare shi kafin rikicewa, sun bar abin da aka ji bayanta. Aɗa'u ɗan Sa'ib ya rikice a ƙarshen rayuwarsa, amma ruwayar Shu'uba da Sufyanus Sauri daga gare shi karɓaɓɓiya ce domin sun ji tun yana garau. Jarir ɗan Hazim na Basra kuwa, da 'ya'yansa suka ga alamar rikicewa, sai suka killace shi daga masu neman hadisi, don haka babu wanda ya ɗauki komai daga gare shi a wannan hali.

Abubuwa uku ke cikin wannan. Sun bambance sababi, sun kula da lokaci, kuma sun tsare mutuncin malamin. Akwai maganar da aka ruwaito daga wasu magabata cewa ma'abocin Alƙur'ani ba ya gigi, kuma tana kwaɗaitar da alheri. Amma tunda manyan ma'abota ilimi da ibada sun rikice a ƙarshe, ba a kafa ta hujja a zargi alaramman da lalura ta same shi, ko a ce da ma karatunsa ba don Allah ba ne. Limamin da ya fara rikita raka'o'i, abin da 'ya'yan Jarir suka yi shi ne abin koyi: a janye shi cikin girmamawa kafin ya zama abin magana a gari.

Inda hukunci ke sauyawa

Shari'a ba ta rataya taklifi ga shekaru ko ga sunan cuta ba. Ta rataya shi ga hankali. Hadisin ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe sananne ne a littattafan Sunan, kuma Abu Dawud ya ambaci wata ruwaya da ta ƙara tsohon da ya yi gigi. To amma gigi matakai ne, kuma kowane iri da yadda yake cin hankali.

Mai Alzaima a farkonta yana mantuwa amma yana fahimta. Ya san salla, ya san azumi, ya san dukiyarsa. Wannan mukallafi ne. A taimake shi da tunatarwa, wani ya tsaya gefensa su yi salla tare, kuma abin da ya manta Allah ba ya kama shi da shi. Wannan ne kuma lokacin da ya kamata ya rubuta basussukan da ake binsa da waɗanda yake bi, ya bayyana amanonin mutane da ke hannunsa, ya yi wasiyyarsa cikin sulusi a gaban shaidu, ya faɗi wanda yake so ya kula da al'amuransa. Iyalin da suka ɓoye masa abin da likita ya faɗa saboda tausayi, sun hana shi wannan dama.

Wanda hankalinsa ke zuwa yana tafiya, kamar mai irin Lewy, malaman fiƙihu sun san irinsa a babin wanda ke farfaɗowa lokaci-lokaci. Sallar da lokacinta ya same shi garau tana kansa, wadda lokacinta ya fita yana ruɗe babu ramuwa, kamar yadda Malikiyya suka faɗa game da wanda ya suma.

Wanda gigi ya rufe shi gaba ɗaya, babu salla babu azumi a kansa. A nan ake yawan kuskure. Ciyarwa ta tsoho ce mai hankali wanda ƙarfinsa ya gaza, kuma ita ma a Malikiyya mustahabbi ce, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala. Wanda hankalinsa ya gushe ba a bin sa azumi balle fansarsa. Hana shi abinci da ruwa a Ramadan da sunan kada ya sha azumi cutarwa ce, musamman mai ciwon suga. Amma wanda ruɗewarsa ta ɗan lokaci ce ya warke, Malikiyya na ganin zai rama azumin da ya wuce shi. Ka ga yadda amsar malami ta dogara da amsar likita.

Zakka kuwa haƙƙi ne a cikin dukiya. Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun wajabta ta a dukiyar wanda hankalinsa ya gushe, waliyyinsa ne zai fitar. Ciniki da kyauta da saki na wanda ba ya cikin hankalinsa ba sa aukuwa. Suratun Nisa'i aya ta 5 ta hana miƙa dukiya ga wanda ba zai iya tattalinta ba tare da umarnin a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta a kuma yi masa magana mai daɗi, kuma ayar bashi a Suratul Baƙara ta sa waliyyi ya tsaya a madadin mai rauni. Abin lura shi ne mantuwa ba ita ce ma'aunin hankali ba. Mai irin gaban ƙwaƙwalwa yana iya tuna sunan kowa amma ya kyautar da gidan iyalinsa ga baƙo. Mai Alzaima a farkonta yana iya manta ranar mako amma ya san sarai gonar da yake son sayarwa da dalilinsa. Na farko yana buƙatar a tsare dukiyarsa, na biyu zalunci ne a ƙwace masa ikonsa. Inda aka yi saɓani, alƙali ne ke yanke hukunci bayan ya ji shaidar likita. Ɗan da ya kai wa mahaifinsa takarda ya dangwala yatsa alhali ya san ba ya fahimta, ya ci haram, ko da duk duniya ta shaida sa hannun.

Harshe da zato

Zunubin da aka fi afkawa a wannan babi na harshe ne. Tsohuwar da ta fita da dare ta kasa gane gida, aka tsince ta a wata unguwa tana sambatu, a wurare da dama ana jifanta da maita, wani lokaci har a taɓa lafiyarta, kuma tabon ya bi zuriyarta. Dattijon da ya fara zagi bayan shekaru na kamun kai, sai a ce mummunan ƙarshe ne. Wanda aka ɗauke wa alƙalami ba a rubuta masa zunubi, to da wane haƙƙi mu za mu rubuta masa? Bukhari ya ruwaito cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa yana lafiya yana gida. Muna kyautata zato ga Allah cewa mai tsayuwar dare da gigi ya kwantar yana cikin wannan falala. Ruƙiyya da addu'a alheri ne, a yi su a tafi asibiti. Duka da ɗauri da turaren da ke shaƙe numfashi da sunan fitar da aljani ba su da gurbi a addini.

Rigakafi da kulawa

Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na gigi yana da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, ƙiba, kitse a jini, taba, giya, rashin motsa jiki, buguwar kai, kurumta da raunin gani da ba a magance ba, damuwa, kaɗaici, gurɓatacciyar iska da ƙarancin ilimi tun yarinta. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indiyanapolis na Amurka ya gano cewa tsofaffin Ibadan sun fi baƙaƙen fatar Amurka ƙarancin gigi da Alzaima, kuma masu binciken sun karkata ga cewa ƙarancin cututtukan jijiyoyin jini na daga cikin dalilai. Yau da abincinmu da zamanmu ke sauyawa, wannan gargaɗi ne. Auna jini, cire yanar ido, hular kwano ga mai babur, tafiya masallaci da ƙafa, zumunci da majalisin karatu, duk suna cikin riƙo da sababi.

Wanda lalurar ta riga ta sama, kada a yi gardama da shi ko a riƙa jarraba shi da "Baba, wane ne ni?" A gaya masa suna kawai. A bar kayansa inda ya saba, a haskaka ɗaki kafin magariba domin ruɗewa takan ƙaru da yamma, a rufe rijiya, a nisanta shi da wuta da magunguna, a sa takarda mai lambar waya a aljihunsa, a sanar da maƙwabta da mai unguwa. Idan ya tashi salla ba a kan lokaci ba ko ya ƙara raka'a, a ƙyale shi. Karatun da ya saba ji yakan kwantar masa da hankali ko bayan ya daina gane fuskoki.

Suratul Isra'i aya ta 23 da ta 24 sun ambaci iyaye a halin tsufa a wurin ɗansu, suka hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa. Wanda ya kwana yana amsa tambaya ɗaya ya san nauyin wannan umarni. Nauyin na 'ya'ya ne gaba ɗaya, maza da mata. Ba adalci ba ne a bar shi ga 'ya ɗaya ko ga matar ɗa, sauran su riƙa leƙowa ranar Juma'a suna ba da shawara. A raba kwana, a raba kuɗin magani, a ba mai jinya hutu, domin ita ma tana da haƙƙi.

Matakin farko dai shi ne a san abin da ke damun dattijon. A kai shi ga likita a tambayi wane iri ne kuma a wane mataki yake, sannan a kai wannan amsa ga malami a tambayi hukunci. Allah Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da hankulanmu muddin muna raye, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da Aljanna, Ya sa mu cika da imani. Allah ne Mafi sani.